Yadda Ake Auna Ɗan Wasan Bezbol da Musayar 'Yan Wasa Tun Kaka Ba Ta Yi Nisa Ba

A watan Afrilun 2006, wani ɗan wasan bezbol na ƙungiyar Detroit Tigers ta Amurka mai suna Chris Shelton ya buga hom-ron tara a wasanni 13 na farkon kaka. Hom-ron shi ne bugun da ke tsallake da ƙwallo bayan katangar fili, kuma babu bugun da ya fi shi daraja a wasan. Jaridun Amurka suka ɗauki labarin, magoya baya suka shiga lissafin nawa zai tara kafin Satumba. Ranar 31 ga Yulin wannan shekarar ƙungiyar ta ɗauko Sean Casey daga Pittsburgh ta ba shi gurbin, shi kuma Shelton aka mayar da shi ƙaramar gasa a Toledo. Da hom-ron 16 ya gama kakar.

A 2024 kuma akasin haka aka gani. Aaron Judge na New York Yankees ya ƙare watan Afrilu matsakaicin bugunsa .207, wato wajen sau ɗaya cikin biyar kacal yake dacewa, har wasu 'yan kallo suka yi masa ihu a filin gidansu. Mutumin da ya buga hom-ron 62 a 2022 ke nan. Da kaka ta ƙare yana da .322 da hom-ron 58, kuma duk masu jefa ƙuri'a shi suka zaɓa gwarzon ɗan wasan American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar; ɗayan shi ne National League.

Kakar MLB, babbar gasar bezbol ta Amurka da Kanada, doguwa ce. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, don haka Afrilu bai wuce kashi ɗaya cikin shida na tafiyar ba. Amma ba za a ce a rufe ido har sai Satumba ba, domin akwai abubuwan da ake iya ganewa da wuri, akwai kuma waɗanda ko kaka guda ba ta isa ta bayyana su ba. Aikin shi ne rarrabe su, kuma ga yadda ake yi.

Da farko, ƙirga sau nawa ya tsaya

Kafin ka kalli kowace lamba, nemo sau nawa ɗan wasan ya tsaya gaban mai jifa. Wanda ke bugawa kullum yakan samu tsayuwa 100 zuwa 120 a watan Afrilu, a kaka guda kuma 600 ko fiye. Matsakaicin bugu, wato adadin bugun da ya kai shi tasha lafiya (tasha ita ce wurin da mai bugu ke rugawa ya tsaya bayan ya buga ƙwallo) a raba da adadin tsayuwar da ake ƙirgawa, lamba ce mai rawa sosai idan tsayuwar ba ta da yawa.

Ɗauki ɗan wasan da ainihin ƙarfinsa .250 ne, wato sau ɗaya cikin huɗu yake dacewa. Ba shi tsayuwa 100. Lissafin yiwuwa ya nuna cewa ba abin mamaki ba ne a same shi ko'ina tsakanin .165 da .335, alhali bai ƙaru da komai ba, bai kuma ragu da komai ba. A .335 za a ce tauraro ne, a .165 za a ce a sallame shi, kuma mutum ɗaya ne. Idan ka ba shi tsayuwa 550, tazarar takan tsuke zuwa wajen .215 da .285. Ka lura, ko a kaka cikakkiya akwai sauran rawa.

Hanya mai sauƙi ta tuna wannan ita ce ka mayar da lamba zuwa bugu. A tsayuwa 60, mai .300 yana da bugu 18, mai .250 yana da 15. Bambancinsu bugu uku ne kacal: ƙwallon da ta zame daga safar mai tsaro, wadda ta faɗa tsakanin mutum biyu, da wadda iska ta karkatar. Duk lokacin da wata lamba ta ba ka mamaki a Afrilu, tambayi kanka bugu nawa za a cire ko a ƙara ta koma daidai. In amsar ba ta wuce uku ko huɗu ba, babu labari tukuna.

Na biyu, raba lambobi gida biyu

Ba duk lambobi ne ke rawa iri ɗaya ba. Wani manazarci mai suna Russell Carleton ya bincika sau nawa ake buƙata kafin kowace lamba ta fara nuna ainihin ɗan wasa fiye da yadda take nuna sa'a, kuma shafin FanGraphs ya yaɗa sakamakon har ya zama abin da masu nazari ke komawa gare shi.

Ga mai bugu, yawan fitar da ake masa da jifa uku, wato idan ya kasa buga ƙwallo mai kyau har aka ƙirga masa kuskure uku, yakan fara zama abin dogaro a wajen tsayuwa 60. Yawan tafiyar kyauta, wato zuwa tasha ta farko bayan mai jifa ya kauce wa gurbi, wato inda ya kamata ƙwallo ta bi ta gaban mai bugu, sau huɗu, yana buƙatar wajen 120. Yawan hom-ron wajen 170. Ko ƙwallonsa ƙasa take bi ko sama, ana ganewa bayan ya buga ƙwallo wajen 80 cikin fili. Waɗannan su ne na gida na farko, kuma a ƙarshen Afrilu ko tsakiyar Mayu an riga an kai gare su. A gida na biyu akwai yawan isa tasha ta kowace hanya, mai buƙatar tsayuwa wajen 460, sai matsakaicin bugu, wanda ke buƙatar wajen 910, wato kusan kaka ɗaya da rabi. Abin takaici shi ne wannan lamba ta ƙarshe ita ce talabijin ke fara nunawa a ƙarƙashin sunan ɗan wasa.

Dalilin bambancin a bayyane yake. Fita da jifa uku da tafiyar kyauta harka ce tsakanin mutum biyu, mai jifa da mai bugu, sai alƙalin da ke bayansu. Da zarar sanda ta taɓa ƙwallo kuwa, masu tsaro tara sun shigo, ciyawa ta shigo, iska ta shigo. Yawan hannayen da ke cikin sakamako, yawan lokacin da ake buƙata kafin a san rabon ɗan wasan a ciki.

Mutane da yawa suna fahimtar waɗannan adadi a baibai. Kaiwa tsayuwa 60 ba ya nufin abin da ka gani shi ne gaskiyar ɗan wasan daga nan har abada. Yana nufin an kai inda kusan rabin bambancin da ke tsakanin 'yan wasa na gwaninta ne, rabi na sa'a. Carleton kansa ya sha jan kunne kan wannan. Don haka ake buƙatar mataki na gaba.

Na uku, ja lambar zuwa tsakiya

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma da biro da takarda ake yin sa. Ka ɗauki abin da ɗan wasan ya yi, ka haɗa masa da wasan ɗan wasa matsakaici na adadin tsayuwar da aka ambata a sama, sannan ka raba.

Misali, a tsayuwa 100 an fitar da wani da jifa uku sau 12, wato kashi 12 cikin ɗari. Matsakaicin gasar a shekarun nan yana wajen kashi 22. Sai ka ƙara masa tsayuwa 60 na matsakaicin ɗan wasa, wanda zai ba ka fita 13. Jimla 25 cikin 160, wato wajen kashi 16. Lambar ta matsa kaɗan, amma har yanzu tana cewa wannan mutum yana da wuyar fitarwa. Ka yarda da ita.

Yanzu ga wani mai bugu 35 a tsayuwa 100, wato .350. Matsakaicin gasar yana wajen .245. Ƙara masa tsayuwa 910 a kan .245, wanda zai ba ka bugu 223. Jimla 258 cikin 1,010, wato .255. Duk wannan .350 da ake ta yayatawa, abin da ta ƙara wa hasashenka bai wuce maki goma a kan matsakaici ba.

Tsarin ba sabo ba ne. A 1975 masana ƙididdiga biyu, Bradley Efron da Carl Morris, sun gwada shi da 'yan wasa 18 da tsayuwarsu 45 ta farkon kakar 1970. Da suka ja lambar kowa zuwa matsakaicin rukunin, wato .265, hasashensu na sauran kakar ya fi dogaro da lambobin farko dacewa nesa ba kusa ba. Sai dai akwai darasi na biyu a ciki. Roberto Clemente na Pittsburgh ya fara da .400, lissafin ya ja shi zuwa ƙasa da .300, shi kuwa ya buga .346 a sauran kakar. Lissafin ya rage masa hakki ne domin ya ɗauke shi kamar kowa, alhali ya riga ya zama zakaran matsakaicin bugu na National League har sau huɗu.

Saboda haka, matsakaicin gasa na wanda ba ka san tarihinsa ba ne. Wanda ya daɗe yana bugawa, zuwa nasa tarihin za ka ja shi. Tom Tango ya tsara wata hanya mai sauƙi da ya kira Marcel: a ɗauki kakanni uku na baya, a ba ta bara nauyi 5, ta bara waccan 4, wadda ta gabace ta 3, a ɗan ja zuwa matsakaici, a kuma duba shekarun ɗan wasan. In ba ka son yin lissafin da kanka, hasashen ZiPS na Dan Szymborski da na Steamer suna nan a FanGraphs, kuma ana sabunta su yayin da kaka ke tafiya. Za ka ga yadda wata guda mai zafi ke motsa su kaɗan kaɗan. Da Judge, duk wanda ya ɗora tsayuwa ɗari da 'yan kai na Afrilun 2024 a kan dubban tsayuwar da ya yi tun 2017 ba zai tayar da hankalinsa ba. Haka David Ortiz na Boston a 2009: bai buga hom-ron ko ɗaya ba sai ranar 20 ga Mayu, ana ta cewa ƙarfinsa ya ƙare, ya gama kakar da 28, ya kuma ci gaba da bugawa har 2016.

Na huɗu, nemo inda sa'a ta ɓuya

Akwai lamba mai suna BABIP, wadda ke nuna kashi nawa na ƙwallayen da aka buga cikin fili, ban da hom-ron, suka zama bugu mai kyau. Matsakaicin gasa yakan tsaya tsakanin .290 da .300 shekara da shekaru. Mai gudu sosai ko mai bugu da ƙarfi yana iya riƙe .330 ko .340. Idan ka ga .430 a Afrilu, za ta sauko. Idan ka ga .190 a wajen wanda ya saba da .300, za ta hau. Yermín Mercedes na Chicago White Sox ya buɗe kakar 2021 da bugu takwas a tsayuwa takwas a jere, ya ƙare Afrilu da .415, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasa na wata. A farkon Yuli yana ƙaramar gasa.

Tun 2015 an girka na'urorin Statcast a dukkan filayen gasar, kuma shafin Baseball Savant yana nuna sakamakonsu kyauta. Suna auna saurin da ƙwallo ta bar sanda da kusurwar da ta tashi. Ƙwallon da ta fita da gudun mil 95 a awa ko fiye ana lissafa ta cikin bugu mai ƙarfi. Daga waɗannan ma'aunai ake fitar da lambobin da ke farawa da harafin x, kamar xBA da xwOBA, waɗanda ke faɗin abin da irin wannan bugu ya saba haifarwa, ko mai tsaro ya cafke ko bai cafke ba. Buɗe shafin ɗan wasan, ka jera lambarsa ta zahiri da mai x. In yana bugawa da ƙarfi kamar bara amma sakamako ya ƙi zuwa, ƙyale shi, zai zo. In kuwa sakamako yana da kyau amma ƙwallayen a sanyaye suke fita, to rance yake ci, kuma zai biya.

Wani abu da nake ba muhimmanci shi ne mafi ƙarfin bugun da ɗan wasa ya taɓa yi. Sa'a tana iya jefa ƙwallo mai rauni inda babu kowa, amma ba ta iya sa mutum ya fitar da ƙwallo da gudun mil 115. Wanda ya yi haka ko sau ɗaya ya nuna yana da wannan ƙarfin a jikinsa.

Na biyar, masu jifa

ERA, wato makin da mai jifa ke bari a ci a kowane zango tara, tsawon cikakken wasa ɗaya ke nan, ita ce lambar da ta fi yaudara a Afrilu, musamman ga masu jifan agaji da ke shigowa a ƙarshen wasa. Irin waɗannan zango 60 ko makamancin haka suke jifa a kaka guda, goma ko sha biyu a Afrilu. Wanda aka ci maki biyu a zango goma yana da 1.80. Ranar da ya shigo aka ci shi huɗu a zango ɗaya, ya koma 4.91. Dare ɗaya ne ya mayar da shi daga gwani zuwa abin zargi.

A 2001 Voros McCracken ya wallafa binciken da ya girgiza masu nazarin wasan: masu jifa ba su da iko sosai kan abin da ke faruwa da ƙwallo bayan an buga ta cikin fili. Wanda ya fi kowa a wannan fanni bana yana iya zama na baya baɗi. Abin da ke hannunsu sosai uku ne, fitarwa da jifa uku, ba da tafiyar kyauta, da barin hom-ron. A kan wannan aka gina FIP, wadda ake karantawa kamar ERA amma da waɗannan ukun kaɗai ake haɗa ta. A lissafin Carleton, yawan fitarwar mai jifa yana fara zama abin dogaro bayan ya fuskanci masu bugu wajen 70, tafiyar kyauta wajen 170, hom-ron fiye da 1,300, BABIP kuwa sai ƙwallo wajen 2,000. Ma'ana ko FIP ɗin ma tana da rauni a Afrilu saboda hom-ron da ke cikinta. Abin da ya fi tsabta shi ne ka cire kason tafiyar kyauta daga kason fitarwa ka kwatanta da na bara. Duba kuma kashi nawa na masu gudun da suka hau tasha yake hanawa isa gida. Matsakaici yana wajen kashi 72. Mai kashi 92 a Afrilu ba zai riƙe ta ba.

Saurin jifa kuwa ba ya buƙatar jira. A wasa ɗaya mai buɗe jifa yana jefa ƙwallo 90 ko fiye, kuma kowace an auna ta. Sai dai ka kwatanta Afrilu da Afrilun bara, domin yawancin masu jifa sukan ƙara ɗan sauri idan zafi ya shigo. Wanda saurinsa ya ragu da mil biyu ko fiye a wasanni biyu ko uku a jere, ka damu da shi ko da ERA ɗinsa tana da kyau, domin sau da yawa alamar ciwon gwiwar hannu ko kafaɗa ce.

Na shida, fili da yanayi da abokan karawa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Filin Coors da ke Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iskarsa ba ta da nauyi, ƙwallo tana tafiya da nisa. Katangar dama a filin Yankees ƙafa 314 ce daga inda ake bugu, abin da ke taimaka wa masu bugu da hagu. Filin San Francisco yana cinye hom-ron. Sanyin Afrilu a Chicago, Detroit da Minneapolis yana rage tafiyar ƙwallo. A kaka guda waɗannan abubuwa sukan ɗan daidaita, amma a wasa 25 ba sa daidaita. Duba jadawalin ka ga inda ya buga da waɗanda ya fuskanta. Lambar wRC+, wadda ke auna amfanin mai bugu gaba ɗaya, ta riga ta cire tasirin fili, kuma 100 ne matsakaicinta.

Na bakwai, tambayi abin da ya canza

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu yana karkata ga cewa ɗan wasa zai koma yadda aka san shi, kuma mafi yawan lokuta haka ne. Amma mutane suna canzawa da gaske, kuma wanda ya ce komai sa'a ce zai rasa manyan labaran wasan.

José Bautista ya yi yawo a ƙungiyoyi da dama, kuma bai taɓa wuce hom-ron 16 a kaka ba. A Agustan 2008 Pittsburgh ta ba Toronto shi a madadin wani mai cafke jifa a bayan mai bugu, Robinzon Díaz. A Toronto, tare da mai horar da bugu Dwayne Murphy, ya gyara lokacin da yake fara ɗaga ƙafa da juya sanda, ya riƙa farawa da wuri. Daga Satumban 2009 zuwa ƙarshen kakar ya buga hom-ron goma. A 2010 ya buga 54. Wanda ya kalli lambobin Satumba kaɗai zai ce wata guda ne mai zafi. Wanda ya kalli bidiyonsa ya ga mutum yana bugu da wani salo daban.

Gerrit Cole ma haka. Da Houston ta karɓo shi daga Pittsburgh a Janairun 2018, ya rage jifan da ke nutsewa ƙasa, ya ƙara miƙaƙƙen jifa mai sauri a saman gurbi da masu lanƙwasa. Fitarwarsa ta tashi daga 196 a 2017 zuwa 276 a 2018, sannan 326 a 2019, kuma tun wasanninsa na farko a Houston canjin ya bayyana.

Ƙa'idar da nake bi ita ce sai shaidu biyu sun haɗu. Na farko, wata lamba daga gida na farko ta motsa sosai. Na biyu, akwai dalilin da ido ke gani ko na'ura ta auna: sabon nau'in jifa, ƙarin sauri, sabuwar tsayuwa, daina bin ƙwallayen da suka kauce wa gurbi, ko warkewa daga rauni. Lamba ba dalili, jira. Dalili ba lamba, kamar labaran da ake bazawa kowace bazara cewa wane ya rage ƙiba ko ya gyara bugunsa, shi ma jira.

Sai musayar 'yan wasa

A bezbol ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa. Musaya ake yi, mutum da mutum, kuma sau da yawa gogagge ake bayarwa a karɓi matasan da ke ƙananan gasanni. Wannan ya sa hukuncin farkon kaka ya fi zama zalunci a nan, domin rabin cinikin ma bai iso babbar gasa ba.

Fara da rubuta abin da kowane ɓangare ya je nema. A Agustan 1987 Detroit tana fafutukar lashe rukuninta, sai ta karɓi mai jifa Doyle Alexander, ɗan shekara 36, daga Atlanta, ta ba da wani yaro ɗan shekara 20 mai suna John Smoltz, wanda ERA ɗinsa a ƙaramar gasa ta haura 5. Alexander ya ci wasa tara bai faɗi ko ɗaya ba, da ERA 1.53, Detroit ta ƙwace rukunin daga hannun Toronto a makon ƙarshe. A 1988 Smoltz ya fara babbar gasa da nasara biyu da faɗuwa bakwai. Har zuwa lokacin kowa zai ce Detroit ta yi wayo. Smoltz ya gama da nasara 213, ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 1996, ya shiga zauren gwarazan wasan a 2015. A ganina Detroit ta sami abin da ta saya, Atlanta kuma ta sami abin da ya fi wanda ta yi tsammani, kuma dole hukuncin ya ɗauki duka biyun.

Bayan haka ƙirga shekaru da kuɗi. Ɗan wasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa har sai ya cika shekara shida a babbar gasa, kuma a ukun farko albashinsa kusan mafi ƙanƙanta ne. Don haka wata biyu na tauraro da shekara shida na matashi ba abu ɗaya ake aunawa ba. Boston ta ba da Jeff Bagwell a Agustan 1990 don ta sami Larry Andersen, mai jifan agaji da ya yi mata zango 22 masu kyau ya tafi. Bagwell ya buga wa Houston hom-ron 449. Ko da Bagwell ya zama ɗan wasa matsakaici kawai, shekarunsa shida masu araha sun fi zango 22 nauyi, kuma wannan lissafi ana iya yin sa tun ranar cinikin.

Daga nan ka raba tambaya biyu da ake yawan cakuɗawa: shin shawarar tana da hankali bisa abin da aka sani a ranar, da kuma shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta farko ana amsa ta nan take, da hasashen 'yan wasan, shekarunsu, lafiyarsu da matsayin ƙungiyar. Atlanta ta ɗauko Jorge Soler daga Kansas City a Yulin 2021 yana da .192, domin ƙarfin bugunsa bai tafi ko'ina ba, kuma shi ne ya buga hom-ron 48 a 2019. Ya zama gwarzon World Series, wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi, a 2021 ɗin. Ko da bai zama ba, ɗaukar irin wannan mutum a farashi mai sauƙi shawara ce mai kyau. Haka Chicago Cubs ta karɓi Jake Arrieta daga Baltimore a Yulin 2013 ERA ɗinsa tana sama da 7, a 2015 ya ci Cy Young da 1.77.

Tambaya ta biyu kuwa shekaru take ci. A Janairun 2021 Cleveland ta ba New York Mets Francisco Lindor da Carlos Carrasco, ta karɓi Andrés Giménez da Amed Rosario da matasa biyu. Lindor ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 341, ya buga .230 a kakarsa ta farko, ya sha ihun 'yan kallon gida. A 2022 Giménez ya buga .297 ya shiga wasan taurari, aka ce Cleveland ta ci riba. A 2024 Lindor ya zo na biyu a zaɓen gwarzon National League bayan Shohei Ohtani, Giménez kuma aka tura shi Toronto a ƙarshen shekarar. Ciniki ɗaya, hukunci ya juya fiye da sau ɗaya cikin shekara huɗu.

Idan kana son tara darajar kowane ɓangare a lamba ɗaya, WAR, wato yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa fiye da ɗan cike gurbi, ita ake amfani da ita: wajen 2 a kaka ga ɗan wasa na kullum, 5 ga tauraro, 8 ga gwarzon shekara. Tara ta tsawon shekarun da ƙungiyar ta samu ta hanyar cinikin kaɗai, ban da waɗanda ta saya daga baya da sabon kwantiragi. Kada ka taɓa ta a Afrilu, domin kason tsaron fili da ke cikinta yana buƙatar fiye da kaka guda kafin ya zauna.

Ga jadawalin da ya kamata ka riƙe. A ƙarshen Afrilu, duba saurin jifa, sababbin nau'o'in jifa, yawan fita da jifa uku, da ƙarfin bugu. A ƙarshen Mayu, ƙara tafiyar kyauta da yawan hom-ron na masu bugu, kuma ko a lokacin kada ka binne ƙungiya, domin Washington Nationals tana da nasara 19 da faɗuwa 31 a ranar 23 ga Mayun 2019 kuma ita ta ɗauki kofin shekarar. A ƙarshen Yuli, lokacin da ake rufe kasuwar musaya, yawan isa tasha da FIP sun fara nauyi. Cinikin da aka yi don wata biyu ana yanke masa hukuncin rabin farko a Oktoba. Wanda matasa ke ciki kuwa, ka rubuta sunayensu da shekarunsu da matakin gasar da suke, ka koma kansu bayan kaka uku, sannan bayan biyar.